Romon Alhamis

A layinmu na Bahari, unguwar masunta da ke bakin teku, ba sai mace ta faɗa min yadda gidanta yake ba. Ranar Alhamis kawai nake jira. Wadda ta sayi ƙananan kifi ta wuce, na san yara za a ciyar. Wadda kuwa ta tsaya tana juya jatan lande da ɗan yatsa, tana tambaya ko ƙaguwar nan mai ƙwai ce, ta ce in ƙara mata kan kifi na romo, to yau da wuri za a kora yara su kwanta. Haka muka tarar iyayenmu mata suna yi. Daren Juma'a na maigida ne, romon teku kuma shi ne sallamar da mace ke yi masa ba tare da ta buɗe baki ba. Maza sun yi imani romon yana ƙara ƙarfi. Ni mai sayarwa ce, ban taɓa yi musu musu ba.

Sunana Badriyya, amma Ummu Nasar ake kirana. Teburin kifina yana jikin bangon masallaci, dab da ƙofar banɗaki, wurin da babu mai so, shi ya sa ya zama nawa bayan rasuwar mijina Gabir. Tsallaken titi shagon Usta Fikri ne mai ɗinkin katifa, wanda rabin amaren unguwar nan a kan aikinsa suka fara kwana. Kusa da shi kuma akwai Bulbul mai aski, wanda bakinsa ya fi almakashinsa aiki.

Awatif matar Usta Fikri, wadda ake kira Ummu Hamdi, tun tana amarya take saye a wurinmu, yanzu ga ta da jikoki. Mace ce mai jiki da murya, in tana ciniki har masunta a bakin teku suna jin farashin. Ba ta aiko kowa, ba ta zuro kwando da igiya daga bene kamar sauran mata. Da kanta take saukowa, ta zaɓa, ta ratsa titi da ledarta tana lilo. Shi kuma Bulbul ba ya bari ta wuce lafiya.

"Usta, a rufe shago da wuri yau! An sayo maka aiki!"

Usta Fikri ya ɗago kai daga cikin auduga, ya ce, "Kai dai ji da gashin mutane, tuzurun banza."

Kowa ya yi dariya, har ita. Shekara talatin da wani abu haka ake yi.

Tun sanyin bara na ga abu ya canza. Awatif ta fara sayen ninkin abin da ta saba. Sai ta ƙara da ƙaguwa, sai ta fara tambayata wane kifi ne ya fi zafi a jiki. Gidan mutum biyu, tukunyar gidan biki. Muryarta kuma tana raguwa, ledar ta daina lilo.

Shi ma Usta Fikri na lura da shi, don ina zaune a inda dole a lura. Namiji mai wannan ciwon tafiyarsa daban ce. Zai taho da sauri kamar an biyo shi, ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito fuska ba walwala, kafin ya gama ɗinke gefen katifa ɗaya ya sake tsallako titi. Ya daina shan shayi, mutumin da kofi ba ya rabuwa da gefen ƙafarsa. Na zauna da wannan tafiyar a cikin gidana, ko daga nesa ina gane ta. Na yi shiru, don ba a tambaye ni ba.

Wata Laraba da la'asar, kasuwa ta yi sanyi ina wanke tebur, sai ga shi ya tsaya a kaina, auduga duk a gashinsa.

"Ummu Nasar, alfarma na zo nema."

"In katifa za ka tallata min, tawa ba ta mutu ba tukuna."

Bai yi dariya ba. Ya waiga ya dubi shagon Bulbul, ya rage murya.

"Gobe idan Ummu Hamdi ta zo, ki ce mata jatan lande ya ƙare."

"Ya ƙare? A Bahari, ranar Alhamis? Ai gara in ce mata teku ya ƙafe."

"Don Allah."

Na ajiye tsumma, na tura masa akwatin kifi da ƙafa na ce ya zauna. Da ya zauna na ce, "Usta, tun yaushe fitsarin yake yi maka gardama?"

Sai da ya miƙe tsaye. "Ke wace irin mace ce!"

"Irin wadda teburinta yake ƙofar banɗaki. Zauna, ba ni da lokacin kunya, ƙanƙarata tana narkewa."

Ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gangarawa kwata kafin ya ce sai na yi masa alkawari maganar ba za ta fita daga bakina ba, musamman ga matarsa. Na yi masa. Sannan ya fara, a hankali, yana tsinkewa yana ɗorawa.

Burustata ce, wannan 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda babu wanda ya san yana da ita sai ranar da ta kumbura ta shaƙe masa hanyar fitsari. Tun kafin ya je asibiti ƙarfinsa ya fara ja da baya, ga rashin barci, ga fargaba. Likita ya ba shi ƙwayoyi, fitsarin ya ɗan saki, amma sha'awar ta ƙara kwanciya. Daga baya aka gwada jini, aka ɗebi ɗan nama aka duba, aka ce mugun ciwon nan ne na daji, wanda mutanenmu ba sa son kiran sunansa. Likitan ya ce ya gode wa Allah an gani da wuri, bai fita ko'ina ba, in aka cire tsokar ana sa ran ya rabu da shi. Sai dai jijiyoyin da ke tayar da namiji a jikinta suke manne. Bayan aikin wani yana dawowa cikin watanni, wani sai shekara ɗaya ko biyu da taimakon magani, wani kuma shi ke nan.

"Yaushe za a yi aikin?" na tambaye shi.

"An sa rana, na ɗaga. An sake sawa, na sake ɗagawa. Likitan har faɗa ya yi min."

"Da ni ce da mari zan haɗa."

"Ba za ki gane ba, Ummu Nasar. Yanzu ko ba komai da ɗan saura. In na kwanta aka yanka, wataƙila sauran ma ya tafi. Ita kuma duk Alhamis sai ta dire min kwano a gabana, na wannan makon ya fi na wancan girma, ta zauna tana kallona ina sha. Kin san abin da kwanon nan yake ce min? Ta yaya zan dubi matar da take roƙona da romo in ce mata zan je a cire abin da ya rage?"

Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bayan hannu, auduga ta manne masa a gira. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Na ce masa zan ɓoye jatan landen, amma ya sani ɓoye shi ba ya warkar da komai. Ya yi godiya, ya tashi, kafin ya tsallaka titi sai da ya sake shiga banɗaki.

Washegari na lulluɓe tiren jatan lande da jiƙaƙƙen buhu, na tura shi ƙarshen tebur. Da hantsi Awatif ta zo. Ta shafa wa gashinta lalle, ina ganin jansa ta gefen ɗankwali.

"Ummu Hamdi, yau kin makara, ya ƙare."

Ta miƙa hannu ta ɗaga buhun, ta kalli abin da ke ƙasa, ta mayar ta rufe da kyau kamar mai lulluɓe yaro.

"Shi ya ce ki ɓoye. Jiya daga bene na hango shi zaune a nan."

Ban taɓa jin muryarta ƙasa haka ba. Ta zauna a kan akwatin da mijinta ya zauna jiya.

"Badriyya, kar ki wahalar da kanki da ƙarya, ba ki iya ba. Na riga na gane. Mutumin da zai kwanta ya juya min baya ya fuskanci bango. Ina motsawa zai tashi ya fita, ya dawo, ya sake fita. Yanzu ma a kujerar falo yake kwana, wai kar ya dame ni. Ranar Alhamis ba ya shigowa sai romo ya huce. Na ce ko ɗaure shi aka yi, na je an yi min rubutu, na yi turare har maƙwabta suka yi tari. Na ƙara ƙaguwa, na ƙara yaji. Ashe babu wanda ya ɗaure shi, ni ce ya gaji da ni. Kullum 'yan mata suna shiga shagonsa zaɓen auduga, ya dawo gida ya tarar da wannan." Ta nuna jikinta da hannu biyu. "Har ya kai ya roƙi mai kifi ta raba shi da girkina."

"To yanzu me za ki yi?"

"Na haɗa kayana. Jirgin ƙasa na yamma zan bi zuwa Damanhur, gidan yayana."

"Yaji? Da jikoki? Ke ko kunya ba ki ji?"

"Kunyar ce ta sa zan tafi. Ba zan zauna ina bara a gidana ba."

Na san Awatif. In ta hau jirgin nan ba za ta dawo ba sai an je biko, shi kuma ba zai je ba, don zuwan yana nufin ya buɗe baki. Zai zauna shi kaɗai da ciwonsa yana ɗaga rana. Ga alkawari kuma a wuyana. Na duba na ga abu ɗaya ne nawa wanda zan iya bayarwa ba tare da na ci amanar kowa ba.

"Kin san abin da ya kashe Gabir?"

"Ciwon ƙoda aka ce. Allah ya jiƙansa."

"Ni na ce ƙoda, don haka ya roƙe ni in ce. Ba ƙoda ba ce."

Na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba a kasuwar nan. Yadda Gabir, mutumin da ke kwana uku a teku bai gaji ba, ya koma tashi yana zarya tsakanin gado da banɗaki. Yadda ya fara juya min baya, ya koma kwana a jirgin ruwansa wai yana gadin injin. Yadda na yi ta kuka ina zargin wata bazawara mai sayar da gasasshiyar masara, baiwar Allah ba ta san ma ina yi ba. Sai da ya faɗi a bakin teku fitsari ya ƙi fita sam aka kai shi asibiti, na ji gaskiya daga bakin likita. Har a lokacin da sauran dama. Aka ce a yi aiki, ya tambayi abin da zai biyo baya, aka faɗa masa. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Ya ce gara a binne shi yana namiji.

"Ciwon ya shiga ƙashin bayansa," na ce mata. "Ni nake ɗaga shi, ni nake juya shi. An binne shi yana namiji kuwa, ba a rage masa komai ba. Ga ni nan ina sayar da kifi a ƙofar banɗaki."

Awatif ta zuba min ido. Ban ambaci sunan mijinta ba, ban ko kalli shagonsa ba. Allah ne ya kawo sauran. Daidai lokacin Usta Fikri ya fito da wannan saurin nasa ya tsallako titi. Ya gan mu tare, ya ja ya tsaya, na ga yana so ya juya. Amma wannan abin ba a ce masa jira. Ya sunkuyar da kai ya wuce ta gabanmu ya shige.

Ta bi ƙofar da kallo. Ana ta zuwa ana fita, shi bai fito ba. Ina kallon fuskarta tana haɗa abu da abu, tashin dare da kujerar falo da shayin da ya daina sha. Can ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni, Awatif. Ni ina can ina ƙara yaji."

Da ya fito bai kalle mu ba, ya nufi shago. Ta tashi ta bi shi, ta ja ƙofar ƙarfen ta sauke rabi. Ni kuma na ga ya kamata in je in duba ko tiyon ruwan da ke gefen shagon yana zuba. Ba sai na kasa kunne sosai ba, muryar Awatif ta dawo.

"Fikri, me likita ya ce?"

"Wane likita? Ummu Nasar ce ko? Na san bakin mata..."

"Ba ta ce komai a kanka ba, mijinta ta ba ni labari. Ni nake tambayar ka. Me ya ce?"

Na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi. Na ji ta ja salati. Sai kuma na ji kamar an jefa wani abu mai laushi, ina jin matashin kai ne.

"Wata nawa kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Ni mece ce a gidan, kujera?"

"Ke kuma kullum romo, kullum romo. Na ce abin da kike so ke nan, ni kuma..."

"Romo! To da me kake so in tambaye ka? Uwata ta koya min wata hanya ce? Ka juya min baya, ka daina yi min magana, ka daina ko taɓa hannuna. Ni romon nan tambayar ka nake ko har yanzu kana so na. Kai kuma ka sha ka tashi ka bar ni da kwano."

"Awatif, ki fahimta. Ya ce in aka yi aikin, wataƙila abin ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba har abada."

"In ba a yi ba fa? Kai za ka dawo? Ka leƙa ka tambayi Badriyya ko Gabir ya dawo."

Nan na bar wurin tiyon. Na koma teburina na kama yankan kifin da babu wanda ya saya, na ce wa mai tambaya ƙanƙara ce ta fantsar min a ido.

Ba ta hau jirgin yamma ba. Ranar Asabar na gan su sun fito tare, ita a gaba da jakarta a hammata, shi a baya kamar wanda za a kai makaranta. Ba a daɗe ba aka yi aikin. Unguwa ta ji cewa tsakuwa aka cire masa a ƙoda, Bulbul har yana rantsuwa ya ga tsakuwar da idonsa, wai ta kai ƙwan tattabara. Shago ya yi makonni a rufe. Da ya buɗe, Usta ya rame, yana tafiya a hankali, ba ya ɗaga katifa shi kaɗai. Likita ya ce gwajin jini ya yi kyau, za a ci gaba da dubawa. Sannu a hankali zaryar banɗaki ta ragu, kofin shayi ya koma gefen ƙafarsa.

Ni dai na cire rai da cinikin Awatif na Alhamis. Abin da ya dame ni shi ne layin nan namu yana karanta leda kamar yadda nake karantawa. In ta daina saye, kafin wata ya ƙare Bulbul ya gano ba tsakuwa ba ce.

Alhamis ta farko bayan buɗe shagon, da hantsi, sai na ji murya tun daga kan kwana.

"Ummu Nasar! Ina fata ba ki sayar da nawa ba! Manya nake so, kar ki haɗa min da 'yan mitsi-mitsin nan. Ki sa ƙaguwa mai ƙwai!"

Duk layin ya ji. Bulbul ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai.

"Allahu akbar! Usta ya warke! Jama'a, tsakuwa ta fita, aiki ya dawo!"

Usta Fikri ya ɗago daga cikin auduga. Ya kalli matarsa tukuna, ya ɗan daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Kai dai ji da gashin mutane, tuzurun banza."

Ina aunawa na matso kusa da ita na ce a hankali, "Ke, ba yanzu aka gama rigima a kan romon nan ba?"

"Ba romo zan yi ba," ta ce, ita ma a hankali. "Soyawa nake, mu zauna a baranda. Shekara talatin ina ɓare masa ina shan sauran ruwan, ashe abin da daɗi haka. Yanzu shi yake ɓare min, yana ba ni labarin amare da iyayensu. Ya dawo ɗaki, Badriyya. Hannunsa a kaina yake barci."

Ban tambaye ta sauran ba, ba ta faɗa ba, har yau kuma ban sani ba. Ta karɓi ledarta ta ratsa titi tana lilo da ita yadda kowa zai gani.

Ranar Asabar Usta ya zo wucewa masallaci ya tsaya muka gaisa. Na ga 'yan yatsunsa duk ƙananan yanka, irin wanda ƙayar kan jatan lande ke yi wa wanda bai iya ba. Na ce ya riƙa murɗe kan tukuna kafin ya ja ɓawon, na ɗauki ɗaya na nuna masa. Ya gwada, ya ɓata, ya sake gwadawa yana dariya.

Gabir ne ya koya min wannan murɗawar. Duk Bahari babu wanda ya kai shi iya ɓare jatan lande, da hannu ɗaya yake yi yana hira. Da ya yarda an yi aikin ya zauna da ni, da ko wannan kaɗai ya ishe ni.